Kek Ɗin 'Yar Fari

Ranar Asabar, sha huɗu ga Oktoba, 2023, na fara ganin Kassimu. A lokacin ban daɗe da kama aikin ajiye katunan marasa lafiya a ƙaramin asibitin Tudun Kanya ba, wani ƙauye da ke gefen Makoɗa, kuma a gidan Inna Fadima aka ba ni ɗaki. Gidan manoma ne. Inna Fadima ce babba, sai ɗanta Abdulganiyu da matarsa Aina'u mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, sai 'ya'yansu uku.

Babbar cikin yaran, Tahira, ran nan ta cika shekara bakwai, kuma washegari goggonta za ta zo ta tafi da ita Kano riƙo, ta sa ta a makaranta. Ita ce 'yar fari. A gidaje irin wannan har yanzu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, balle a gaban uwar miji. Tun da na zo gidan ban taɓa jin Aina'u ta ce "Tahira" ba. "Ke" take cewa, ko "yarinyar nan", in kuwa ba ta kusa, "waccan".

Duk da haka Aina'u ce ta ƙudura sai an yi wa yarinyar bazde, wato bikin zagayowar ranar haihuwa, irin wanda ake gani a waya, abin da ba a taɓa yi ba a Tudun Kanya. Kowa ya tambaye ta sai ta ce goggon yarinyar ce ta matsa. Abdulganiyu, da yake shi ma 'yar farinsa ce, tun asuba ya tafi gona cirar gyaɗa, ya ce kada a neme shi.

Bayan azahar ina zaune a tsakar gida ina hura balan-balan. Kaka ce, don haka gefe guda dammunan gero ne jibge, ɗaya gefen shanyar barkonon Inna Fadima. Aina'u na kan tukunyar dafa-duka. 'Yan ajin Islamiyyar Tahira kaɗai aka gayyata, amma ta bayan dangar kara ana jin numfashin yaran gari kaf. Sai ga wani dogon mutum ya yi sallama ya shigo, duk jikinsa ƙura, ya ɗaure wani farin kwali a ƙirjinsa da zani. Shi ne Kassimu, ɗan kawun Aina'u, wato taubashinta, mai jigilar hatsi a babur. Tun suna yara kowannensu yake iƙirarin ɗayan bawansa ne, kuma ba a taɓa raba gardamar ba.

"...da gajiya, Inna, da ɗawainiya. Malama, sannu da aiki." Ya juya ga Aina'u. "A'a, baiwata, ashe kina nan. Na ga kin yi shara. Allah ya yi miki albarka."

"Lale da bawan gidanmu," in ji Aina'u, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Wa ya kwance ka?" Ta kalli ƙirjinsa. "Ashe haihuwa ka yi a hanya. Barka. Mace ko namiji?"

"Daga Ɗambatta na goyo shi. Duk ramin da ke hanya sai da na sauka na tura babur da ƙafa."

"Kada ka ɗora wa rami laifi. Babur ɗinka ko a kan siminti tura shi ake yi. Kawo."

"In kawo me?"

"Abin da na aike ka."

"Au, ke kika aike ni? Ni a gari na ji ana cewa goggon yarinya ce."

Aina'u ta saci kallon Inna Fadima, wadda ke zaune gaban barkononta da sanda tana gadi. "Saƙo na isar."

"Mai isar da saƙo," in ji Kassimu, ya rage murya, "wadda ta ba ni tunkiyarta na kai kasuwa. Har yanzu wandona warinta yake yi."

"Wandonka tun kafin a haifi tunkiyar yake wari. Miƙo kwalin."

Bai miƙa ba. Ya kifa turmi, ya zauna, ya kwance zanin, ya ɗora kwalin a cinyarsa, ya dafe da hannu biyu.

"Matar da ta yi kek ɗin ta kafa mini sharaɗi. Ta ce kada in bayar sai wadda ta aiko ni ta faɗi sunan mai shi da bakinta. Kin san kaya suna ɓata."

"Ƙarya kake yi, Kassimu."

"Wataƙila. Kek ɗin wa?"

"Na yarinyar nan."

"Wacce? Ga yarinya can tana cin yatsa. Ga wata tana leƙe ta danga."

"Ta gidan nan."

"Inna ma yarinyar gidan nan ce a wajen wasu. Inna, naki ne?"

"Ku cire ni," in ji Inna Fadima. "A zamaninmu in yaro ya ƙara shekara fartanya ake saya masa."

Tukunya ta fara kamawa, Aina'u ta koma murhu da gudu. Ni kuma na ga rana na dukan kwalin, sai na matsa na ce ya ba ni in sa a inuwa. Ya girgiza kai, ya yi magana yadda ni kaɗai zan ji.

"Malama, bar shi a nan. Gobe yarinyar nan za ta bar gida. Ba za ta tafi ba sai ta ji sunanta a bakin uwarta. Ko kek ɗin nan zai zama kunu, ina riƙe da shi."

Aina'u ta dawo da muciya a hannu.

"Na yayar Jamil ne. Ka ji. Kawo."

"Jamil na san shi, ga shi can yana tsotsar balan-balan. Yayarsa ce ban gane ba."

"Malama, don Allah faɗa masa."

"Malama ba ta aike ni ba. Malama ba ta da tunkiya."

"Kai dai kawu ya yi asara. Ranar da aka haife ka kakarmu ta leƙa ta ce a mayar."

"Ke kuwa ranar sunanki babana ya saye ki da ƙwaryar dusa, har aka ba shi gyara."

"Shi ya sa ka taso kana ɗaukar mini tulu zuwa rijiya?"

"Dukiyata nake tattalawa. Kada wuyan baiwata ya karye in rasa mai yi mini daka. Kek ɗin wa?"

Ba ta samu ta amsa ba, domin a daidai lokacin dangar bayan gida ta gaji da nauyin masu leƙe, ta kwanta gaba ɗaya, ta zubo da yara a kan juna. Waɗanda suka faɗo suka tashi suka karkaɗe jiki suka ce, "Ina wuninku." Na bayansu suka tsallako ta kansu. A ƙauye ba a korar yaro daga gidan da aka ɗora tukunya, don haka babu wanda ya yi tunanin mayar da su. Hulunan takarda da aka ba ni ajiya suka ƙare a hannuna tun ban fara rabawa ba. Bayan yaran sai ga iyayensu mata da goyo, wasu riƙe da ƙwaryar tsaba, suna guɗa, suna tambayar wa ya haihu.

"Ba haihuwa ba ce," in ji Aina'u.

"To wa ya sauke Alƙur'ani?"

"Bazde ne."

"Na wa?" in ji wata tsohuwa daga cikinsu.

Kassimu ya gyara zama. "Yauwa, Baba Nana. Tambayar da nake yi ke nan tun ɗazu."

"Na jikar Inna ne," in ji Aina'u, ta juya baya.

Wani yaro ya zauna a kan balan-balan, ta fashe. Akuyar Inna Fadima ta firgita, ta tsinke igiya, ta bi ta tsakiyar shanyar barkono, ta fice ta inda danga ta faɗi. Garin barkono ya tashi. Gida ya ɗauki atishawa, jarirai suka ɗauki kuka. Na tsamo wata 'yar tatsitsiya daga cikin bahon zoɓo, ta shiga da ƙafa biyu tana laluben ƙanƙara.

Aina'u ta zo gaban Kassimu tana share hawayen barkono da gefen zani.

"Ka ga abin da ka ja?"

"Ni na hura balan-balan? Ina zaune da kwalina."

"Zan ba ka kwalbar man gyaɗa. Na jiya, sabon matsa."

"Man baiwa ai na ubangijinta ne. Kina ba ni cin hanci da kayana."

"Zan gaya wa Hussaina inda kake tsayawa cin ɗanwake a Makoɗa, ka dawo gida ka ce mata ba ka jin yunwa."

Kassimu ya kalli kwalin, ya kalli Aina'u. Na zaci an zo wajen.

"Gaya mata. Matata ce, za ta yi fushi ta huce. Kek ɗin wa?"

"Na wadda aka haifa shekarar da ruwa ya ci gonar fadama."

"Ɗan maraƙinmu ma shekarar aka haife shi. In kai masa?"

"Kai masa. Ai ƙaninka ne."

"Ke, Aina'u, suna fa ba garwashi ba ne. Ba zai ƙona ki ba."

"Na ce maka ba a yi. Uwata ba ta taɓa kiran Yaya Badaru ba har ta koma ga Allah, kuma bai lalace ba."

"Bai lalace ba? Mutumin da in an yi masa sallama sai ya waiwaya ya ga ko da wani ake?"

Aina'u ta danne dariya, ta murtuke fuska. Sai ta juya ga taron yara, ta ɗaga muciya.

"Yara. Kun ga wannan dogon? Aljihunsa duk alawa ce. Ya ce ku zo ku ɗiba."

Ban taɓa ganin mutum ya ɓace da sauri irin haka ba. Kafin in ajiye yarinyar zoɓo, Kassimu ya zama tsibiri. Ya haye kan turmin, ya ɗaga kwalin sama da kansa, yara na jan wandonsa, wasu na zura hannu a aljihu, wani ya cire masa takalmi ya gudu da shi. Suka fito da makullin babur, da asuwaki, da ɓawon goro.

"Miƙo mini in riƙe maka," in ji Aina'u cikin tausasa murya. "Kada ka faɗi, ɗan kawuna."

"Yau na zama ɗan kawu?"

"Tausayinka nake ji."

"Ki ji tausayin kek. Duba."

Daga kusurwar kwalin wani ruwa mai launin hoda ya fara ɗiga, ya bi hannunsa har gwiwar hannu. Ya karkata kai ya lasa.

"Da daɗi. Mai shi za ta so shi, ko wace ce."

"Kassimu, narkewa yake yi."

"Na sani. A kaina yake ɗiga."

"Tunkiyata ce a cikin kwalin nan."

"Au, kin amsa taki ce? Saura suna."

"Wai me na yi maka ne? Wa ya aiko ka?"

Ya kalle ta daga kan turmin. Yaran sun gane babu alawa, sun fara komawa wajen tukunya. Ya sauko a hankali, ƙafa ɗaya ba takalmi, ya matso kusa da ita. Wannan karon babu wasa a muryarsa.

"Ranar Talata da na kai ta Makoɗa gwada takalmi, muna dawowa ta ja rigata ta baya. Ta ce, 'Kawu, Umma ta san sunana kuwa?'"

Aina'u ta tsaya da muciya a hannu.

"Na yi dariya na ce ta sani mana. Ta ce to in ta je Kano, in Umma tana son ta aika a kira ta, me za ta ce?"

"Ba ka san kome ba," in ji Aina'u, muryarta ƙasa-ƙasa. "Lokacin da ta yi ƙyanda wa ya goya ta har asibiti a ƙasa? Wa yake ware mata ƙulin farko kullum, mai zafi? Kayan da za ta tafi da su wa ya ɗinka?"

"Ni na sani. Inna ta sani. Malama da ta zo jiya-jiyan nan ma ta sani. Ita ce ba ta sani ba."

Aina'u ta waiwaya tana duba taron, sai a lokacin ni ma na lura cewa tun faɗuwar danga ban ga Tahira ba. Da safe an yi mata kitso, an sa mata sabuwar riga ruwan ɗorawa, an zaunar da ita a kan kujera 'yar tsuguno a tsakiyar tabarma. Yanzu wasu yara uku ne ke kokawa a kan kujerar. Na zagaya da ido har na hango gefen rigar a bayan dammunan gero. Tana zaune a ƙasa, ta haɗa kai da gwiwa, hularta ta takarda a murƙushe a hannunta. Taro ya ture ta daga bikinta, babu wanda ya nema.

Na nuna wa Aina'u da haɓa. Wata yarinya ta buɗe baki za ta kira, Kassimu ya ɗaga yatsa.

"Duk wanda ya kira ta ba zai ɗanɗani abin da ke kwalin nan ba. Har jikokinsa."

Bakin ya rufe.

Aina'u ta fuskanci dammunan. "Ke," ta ce.

"Na'am," in ji duk wata yarinya da ke tsakar gidan.

"Ba ku ba. Ke yarinyar nan, taso."

Rabinsu suka taso. Rigar ruwan ɗorawa ba ta motsa ba.

"Kin ga matsalar da mai kek ta hango," in ji Kassimu.

"Yi mini shiru."

Ta sake kallon wajen surukarta. Inna Fadima tana zaune da sandarta, tsofaffin matan unguwa sun kewaye ta, duk idonsu a kan Aina'u. Waɗannan su ne za su kai labari rijiya da gidan suna cewa matar Abdulganiyu ta zubar da kunya a gaban uwar mijinta. Aina'u ta sunkuyar da kai tana murza muciya.

Sai Inna Fadima ta dogara sanda ta miƙe.

"Ni kam zan bi akuyata kafin ta shiga waken mutane. Nana, Maryama, ku taso ku taya ni."

"Akuya ɗaya, mu duka?" in ji Baba Nana.

"Mai ƙarfi ce. Ku taso. Ke ma mai ƙwarya."

Ta tasa su gaba ɗaya bayan ɗaya ta inda danga ta faɗi. Da ta zo tsallakawa ta ce, ba tare da ta kalli kowa ba, "Kunnen nan nawa ma tun damina ba ya ji sosai."

Gida ya rage daga yara sai matasan mata sai mu. Aina'u ta ajiye muciya a kan murfin tukunya. Ta goge hannu da zani, ta sake gogewa. Leɓenta ya motsa.

"Sauro ne ya wuce?" in ji Kassimu. "Malama, kin ji wani abu?"

Na ce gaskiya ban ji ba.

Aina'u ta harare shi, harara mai kyau. Ta ja numfashi.

"Tahira."

Ba da ƙarfi ta faɗa ba, amma yaran sun yi tsit, ya isa. Gefen rigar ya motsa. Kai ya leƙo daga bayan gero, da ɓuntu a kitso.

"Tahira, taso. Naki ne."

Yarinyar ta fito a hankali, ta tsaya nesa kaɗan, tana kallon bakin uwarta kamar yau ta fara ganinsa.

"Umma, ban ji ba."

Kassimu ya kwashe da dariya har kwalin ya kusa suɓucewa. "Wannan jinina ce. Ku shaida."

"Allah ya tsare ta," in ji Aina'u. Ta durƙusa, ta cire ɓuntun daga kan yarinyar, ta karɓi hular ta miƙar da ita ta sa mata. "Tahira na ce. Tahira. Ya ishe ki, ko sai na yi shela?"

"Ya isa."

Kassimu ya ajiye kwalin a kan tabarma da hannu biyu, ya buɗe. Kek ɗin ya zame ya jingina da bango ɗaya, kamar ɗakin da damina ta ci. Furannin da aka zana sun haɗe. Rubutun da ke sama ya narke, babu harafin da ake ganewa.

"Ina sunan da aka rubuta?" in ji Aina'u. "Har da shi na biya."

"An riga an faɗa. Rubutun me kuma?"

"Zan cire daga ladanka."

"Dama da lada?"

Na kafa kyandirori a gefen da bai rushe ba. Babu ashana, sai da aka ciro itace daga murhu aka kunna. Kafin Tahira ta sunkuya, yaran da ke gaba suka hure su tas. Aka sake kunnawa, aka sake hurewa. Kassimu ya baje hannuwansa ya yi katanga da jikinsa, ya ce duk wanda ya ja numfashi zai mayar da shi ta danga. Sannan Tahira ta hure abinta ita kaɗai. Babu wanda ya iya waƙar da ake yi a waya, sai 'yan Islamiyya suka ɗauki wata ƙasida, sauran suka bi da tafi.

Aina'u ta yanki na farko da wuƙar yanka kuɓewa. Ta riƙe a hannu tana neman faranti, babu ko ɗaya da ya tsira. Ta duba hagu, ta duba dama, ta sa wa yarinyar a baki da hannunta. Ragowar kuwa, kowane yaro ya sami abin da bai wuce kan yatsa ba, kuma babu wanda ya yi ƙorafi, domin dafa-duka ta biyo baya.

Kassimu na zaune a kan turminsa yana jira.

"Ina nawa?"

Aina'u ta miƙa masa kwalin da babu kome. "Bawa shi ke suɗe kwano."

"Yau ma? Bayan na kayar da ke a gaban jama'a?"

"Ba ka kayar da ni ba. Dama na yi niyya."

"Yaushe?"

"Ranar aurenta."

"Malama, kin ga irin bayin da ake sayar wa mutane?" Ya sa yatsa ya lakato abin da ya manne a kwalin. "Na tura babur daga Ɗambatta. An sace mini takalmi. Kaina duk sukari, ƙudaje sun ɗauke ni kasuwa. Kuma za a kai ƙarata wajen Hussaina."

Aina'u ta shiga ɗaki, ta fito da kwalbar man gyaɗa da ƙulli babba na ƙuli-ƙuli, ta dire a gabansa. Ta yi ƙoƙarin tsuke fuska, dariya ta ƙwace mata.

"Na yau kaɗai, kai ne ubangida. Daga yanzu zuwa magariba."

"Zuwa isha'i."

"Magariba. Kuma kafin nan ka ɗaga mana dangar nan."

"Wane irin ubangida ne ke gyaran danga?"

"Irin naka."

Ya tashi da takalmi ɗaya ya nufi dangar. Da ya ɗaga karan sai ga Inna Fadima tsaye a bayan rumbu, ita kaɗai, akuyar na ɗaure a hannunta, da alama ta daɗe da kama ta. Idonta jawur.

"Barkono ne," ta ce masa. "Ni ban ji kome ba."

Washegari Lahadi goggonta Ramlat ta zo da hantsi ta tafi da Tahira. Yanzu tana makarantar firamare a Kano, tana zuwa gida duk hutu. Ba a sake yin bazde a gidan Inna Fadima ba, ko da yake wasu gidaje a Tudun Kanya sun gwada, kuma kowannensu sai da ya fara ƙarfafa danga. Takalmin Kassimu ba a gan shi ba. Yana nan yana jigilar hatsi, gardamarsu da Aina'u kan wane ne bawa tana inda take.

A gaban mutane har yau Aina'u "waccan ta Kano" take cewa. Amma ɗakina da nata bango ɗaya ne. Duk Juma'a bayan la'asar, in Ramlat ta bugo waya, Aina'u takan shiga ɗaki ta saki labule, kuma kalmar farko da nake ji ita ce sunan.